Yaka, ta Bayan Bango

Da furfura a gemuna na yi wasan mutuwa. Gara in faɗa da bakina tun farko, don in na bar wa mutanen gidanmu labarin za su ƙara masa gishiri, alhali gishirin da ke cikinsa ma ya yi yawa. Yaro in ya kwanta ya rufe ido ya ce ya mutu, sai a zabga masa mari a ce ya tashi. Ni lokacin da na yi nawa babu sauran wanda ya isa ya mare ni, sai Allah ya ɗauki nauyin abin da kansa.

Ni ɗan Zangon Wagadugu ne. Kakana goro ne ya kawo shi, ubana tufafi ya sayar, ni kuma na gaji surutunsu su biyun, ban gaji jarin kowa ba. A allo ban wuce ƙananan surori ba, boko kuwa a jikin allunan shaguna na tsince shi, saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace a nan ya miƙar da shi da zuciyarsa. Da aka rushe tsohon Zango mutanenmu suka watse, aka kai wasu can bayan gari inda ko kare sai ya yi guzuri kafin ya je. Ni na ƙi tafiya. Na yi ta bin ɗakunan haya a gefen abin da ya rage, har uwar 'ya'yana ta rasu, neman abinci kuma ya kai yaran Kumasi da Abijan. Aka bar ni da buta, da tabarma, da wata fanka mai karkataccen wuya.

Ɗakin da nake magana a kansa yana cikin wani gidan haya ta wajen unguwar Tiendpalogo: dogon tsakar gida, ɗakuna a jere kamar haƙora, famfo ɗaya, kowace ƙofa ta ƙarfe. Nawa ne na ƙurya. Ranar da mai gidan ya buɗe mini, na ga abubuwa amma na ƙi haɗa su wuri guda. Fenti sabo fil, a gidan da sauran bangonsa ya manta launinsa. Wajen sakatar ƙofa an yi sabuwar walda. Simintin ƙasa an kankare shi a wuri ɗaya, kamar tsawon mutum, ya fi sauran haske. Ga wani wari can ƙarƙashin warin fentin, wanda hanci ke kamawa ya saki. Matan da ke wanki a bakin famfo suka amsa sallamata, babu wadda ta ɗago kai. Na ce a raina, ga mata masu kunya. Ɗaki a tsakiyar gari, babu mai so, ni na samu. Na ɗauka wayona ne.

Washegari na san maƙwabcina, tun kafin in ga fuskarsa.

Da rana ta take tsaka, rediyo ya ɓarke ta bayan bango kamar a cikin ƙoƙon kaina aka kunna shi. Ba kiɗa ba ne, da kiɗa ne da na taka. Sanarwar mutuwa ce da Mosanci, yaren mutanen garin. Wata murya mai sanyi tana jero wane ya rasu, za a binne shi a ƙauye kaza, iyalan wane da wane suna sanar da 'yan'uwa na kusa da na nesa. Ta gama wannan ta ɗauko wancan, ba ta gaggawa, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Na yi azahar cikin gawarwakin mutanen da ban sani ba. Na kwanta barcin rana, wanda shi kaɗai ne dukiyar da ta rage mini a duniya, ido ya fara lumshewa ke nan, sai na ji an daki bango daidai kunnena. Ƙwam. Ƙwam. Ƙarfe a kan bulo. Sannan wata tsohuwar murya:

"M yaka! M yaka!"

Duk ɗan Zango yana jin Mosanci, ko da na ciniki da zagi ne. Na san abin da ya ce: maƙwabcina. Amma shegantaka ba ta tsufa. Na zura takalmi na fita na tsaya a bakin ƙofarsa. Dogon tsoho ne Bamoshe, ya ranƙwafa, da hular ulu a ka cikin wannan zafi, da ɗan gicciyen itace rataye a bayan ƙofa. A hannunsa wata guduma mai ƙaramin kai da doguwar ƙota.

"Ga ni," na ce masa da Mosanci.

"Wa ya kira ka?"

"Kai mana. Mu a Hausa in ka ce wa namiji yaka, zo nan ka ce masa."

Sai da na maimaita da ƙarfi kafin ya ji, don kunnuwansa sun tafi sun bar shi. Da ya gane, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya juya kalmar a bakinsa kamar ɓarin goro. "Yaka. Ashe ku a wurinku maƙwabci shi ne wanda ake ce wa zo."

"A wurinmu maƙwabci shi ne wanda ke barin mutane su yi barci."

Wannan bai ji ba, ko ya ga dama bai ji ba. Ya ɗaga gudumar ya nuna mini. Ya ce shekarunsa na ƙarfi duk a tashar jirgin ƙasa ya ƙarar da su, aikinsa bin jirgi yana bugun ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. "Ƙafar da ke da lafiya, in ka buge ta sai ta amsa maka. Wadda ta tsage ba ta amsawa, kamar ka bugi laka. In na buga, ka buga. Shi ke nan abin da nake nema a wurinka."

Na ce to, don in samu in koma shimfiɗata.

Haka muka zauna. Kullum rediyon matattu, kullum guduma. Da farko ina amsawa da takalmi. Daga baya na gaji, na shiga yaƙi. Na aro rediyo na kunna wa'azi na kara shi a bango, ya zama ni kaɗai nake shan wa'azin, shi ko a jikinsa. Na toshe kunne da auduga, gudumar ta biyo ta ƙashin kai. In na yi jinkirin amsawa sai bugun ya ƙaru, muryar ta hau sama, m yaka, m yaka, har sai na jefi bango da abin da hannuna ya samu. Na tare mai gidan a kan babur ɗinsa na kai ƙara. Ya saurare ni yana wasa da makulli, bai kalli idona ba.

"Alaji," ya ce, don a garin nan duk mai farin gemu da hula Alaji ne ko bai taɓa ganin filin jirgi ba, "gara ƙarar guduma da warin fenti."

Ya tayar da babur ya tafi.

Wadda ta warware mini maganar ita ce mai sayar da benga a ƙofar gida, wato wake da shinkafa. 'Yar Zango ce, na san ubanta, Kawu take kirana. Ina cin waken ina zagin tsohon, ta ajiye ludayi.

"Kawu, wai da gaske ba wanda ya gaya maka?"

"Gaya mini me?"

Ta dubi cikin gida ta rage murya. Ta ce wanda ya zauna a ɗakina kafin ni wani dattijo ne mai gyaran agogo, shi kaɗai, ba ya shiga harkar kowa. Wata bazara ya shiga ya saka sakata. Kowa ya ɗauka ya yi tafiya. Gida cike da mutane, ana daka, ana wanki, yara na tsalle a bakin ƙofarsa. "Ƙudaje ne suka ba da labari, Kawu. Sun yi baƙi ƙirin a jikin taga. Wannan tsohon da kake zagi shi ya fasa ƙofar, shi ya fara shiga. Bulo ɗaya ne tsakaninsu, bai ji komai ba. Tun ranar ya rantse ba za a sake yi a gefensa ba. Kuma shi ma tsoro yake ji, ka gane? 'Yarsa tana can unguwar Tanghin tana noman salak, sai ta samu sarari take leƙo shi. Yana buga maka, yana buga wa kansa."

Na ture kwanon waken. Na koma ɗaki na dubi inda na shimfiɗa tabarmata. Daidai kan wurin nan mai haske.

Mutum mai hankali da ya ji wannan sai ya yi laushi. Ni abin da ya zo mini daban ne. Na ce ashe ga inda tsohon yake da ƙaiƙayi.

Ana cikin tsakiyar bazara, an ɗauke wuta, fankata ta sunkuyar da kai, kwanon rufi yana ƙara don zafi. Rediyo ya gama binne mutanensa. Ƙwam, ƙwam. Na yi shiru. Ƙwam, ƙwam, ƙwam. "M yaka!" Na cusa hula a baki don kada dariya ta fito. Ya buga, ya kira, ya buga. Sai shiru. Sai na ji jan takalmi a tsakar gida, na ji hannu a kan ƙofata, na ji yana kiran matan gida da wata murya da ban san yana da ita ba, siririya kamar ta akuya a hannun mahauci. Na gyara kwanciya, na miƙe ƙafafu, na saki baki, na bar hannu ɗaya ya zube a siminti. Na ga gawa da yawa a rayuwata, na san yadda ake yi.

Da gudumar ya karya waldar. Ƙofa ta buɗe, haske ya faɗo a kaina. Ta ƙasan gashin ido na gan shi tsaye a bakin ƙofa, bai shigo ba. Gudumar ta suɓuce ta faɗi. Ya sa hannu ya cire hular ulun nan, abin da ban taɓa gani ba, ya riƙe ta a ƙirji. Ya ce wata kalma ɗaya a hankali, wadda ma'anarta ita ce: an sake kuma?

Sai na buɗe ido ɗaya na ce, "An kawo wutar ne?"

Na yi dariya har da buga ƙafa. Sai da na gama na lura ni kaɗai nake yi. Matan sun tsaya cirko-cirko, wata da kumfar sabulu a hannu. Mai benga ta ce, "Kawu, Allah ya shirye ka," ta juya. Tsohon ya sunkuya ya ɗauki gudumarsa. Ya mayar da hula. Ya dube ni, ba da fushi ba, da irin kallon da ake yi wa kayan da aka gama da su.

"Ƙarfen da ya yi mini ƙarya," ya ce, "ba na sake bugunsa."

Ya cika alkawari. Guduma ta daina. Rediyon ma ya rage shi, yana kara shi a kunne, sai dai in ji wani ɗan zuzu kamar na ƙudan zuma. Na ci yaƙi. Na samu barcin ranar da na yi ta kuka a kansa, sai barcin ya ƙi zuwa. In na kwanta sai in ji shirun yana da nauyi, yana zaune a ƙirjina. Na matsar da tabarma daga wurin nan mai haske, ɗakin kuwa ƙarami ne, duk inda na juya ƙafata ko kaina na taɓa shi. Ƙuda ɗaya in ya sauka a taga sai in tashi zaune in kore shi. Na fara barin sakata a buɗe, sannan in ji kunyar kaina in tashi in saka. Na yi niyyar ba shi haƙuri. Kalmar ma gajera ce a Mosanci, sugri, ko jariri zai iya faɗa. Na sayi farin goro manya don in kai masa. Na ajiye su a kan taga ina jiran ranar da ta dace, na cinye su ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da abin ya faru matan gidan sun tafi bikin suna a wata unguwa, mazan suna wajen nema. Babu kowa sai mai benga a waje tana gyangyaɗi a gindin tukunya. Da rana ta take ban ji zuzun rediyo ba. Na ce an ɗauke wuta ne, na manta rediyonsa da batir yake aiki. Na yi azahar na kwanta. Sai na ji ta bayan bango:

"Yaka."

A hankali. Kuma ba daga inda ya saba fitowa ba. Daga ƙasa, kusa da siminti, daidai inda kaina yake.

Na yi murmushi. Na ce ashe tsohon ya sauko, ya gaji da gaba, ya dawo yana kirana maƙwabci. To ai ba a amsa kiran farko, sai a ce dama jira kake.

"Yaka. Yaka."

Muryar ta yi kauri kamar mai magana da tuwo a baki. Sai wani tunani ya zo mini, na kusa tafa wa kaina. Ramuwa ce! So yake in fito a guje ba hula, in tara masa jama'a, ya buɗe ido ɗaya ya tambaye ni ko an kawo wuta. Na juya na fuskanci bango na ce da ƙarfi, "Tsoho, ni na ƙirƙiro wannan wasan, nemi wani." Na san ba zai ji ba. Magana ba ta ratsa masa bango, bugu kaɗai yake ji. Takalmina yana nan kusa da hannuna. Ban ɗauka ba.

Ya ci gaba da kira, tsakanin kira da kira yana ƙara nisa. Ni kuwa, Allah ya gani, jin muryar mutum a bayan bangon nan ya sauke mini nauyin da ke ƙirjina. Na yi barci. Tun da na shiga ɗakin ban yi barci mai daɗinsa ba.

Kiran la'asar ya tashe ni. Shiru. Na ɗauki buta na tsuguna a bakin ƙofa, ina shirya yadda zan ba da labarin a majalisa, yadda Bamoshe ya so ya yi wa ɗan Zango wayo. Ina wanke hannu ina kwaikwayon muryarsa. Yaka. Yaka. Na kai ruwa baki ke nan sai na ji kalmar a bakina, ba a bakinsa ba. Na ji ta yadda uwata take faɗinta daga ƙofar madafa in na yi nisa, yadda ubana yake faɗinta daga cikin rumfa. Tsohon nan tun da na san shi bai taɓa kirana babu wannan ɗan m ɗin a gaba ba. M yaka, maƙwabcina. Yau babu m. Ba Mosanci yake yi ba. Kalmar Hausa ɗaya tak da ya mallaka a duniya, wadda ni na koya masa a bakin ƙofarsa, ita ya yi ta miƙo mini ta ƙarƙashin bango.

Ban san inda butar ta faɗi ba. Ƙofarsa da sakata ta ciki. Na daka da hannu, na daka da kafaɗa, ƙarfe ya mayar mini da kafaɗata. Gudumar da za ta fasa tana ciki tare da shi. Na yi ihu, mai benga ta shigo da taɓarya, wani mai gyaran babur daga tsallaken titi ya biyo ta da ƙarfen cire taya. Da ƙofar ta buɗe, abin da na fara dubawa taga ce. Babu ƙudaje. Yana kwance a ƙasa a gefen bango, kuncinsa a kan siminti, rabin fuskarsa ya zube kamar kitsen da ya ji wuta. Gudumar tana jingine a ƙafar gado, tazarar da ke tsakaninta da yatsunsa ba ta kai tsawon cokali ba. Ido ɗaya a buɗe. Ya same ni a cikin mutanen ya tsaya a kaina.

'Yan kwana-kwana suka zo da motarsu suka ɗauke shi, don a nan su ake kira wa marar lafiya. Bai mutu ba. Ɓarin jikinsa ne ya tafi, da yawancin maganarsa. A asibiti wata ma'aikaciya ta tambaya tun yaushe ya faɗi, ta ce irin wannan ciwon da wuri ake son kawo shi. Kowa ya ce bai sani ba, gidan babu kowa. Ni na dubi takalmina.

Da aka sallame shi 'yarsa ta wuce da shi Tanghin. Ta dawo da mai keken kaya ta kwashe ɗakin: gado, rediyo, ɗan gicciyen. Mace ce mai tsagaggun hannaye irin na masu ban ruwa, ba ta da yawan magana. Da za ta tafi ta tsaya a ƙofata ta miƙo mini gudumar.

"Baba ya nuna a bar maka wannan."

Na karɓa. Ta fi yadda na zata nauyi.

"Maganarsa ba ta fita sosai," ta ce, "amma na gane abu ɗaya. Ya ce da yarenka ya kira ka, don kada ka sha wahalar ganewa."

Na ce Allah ya ba shi lafiya. Ta ce amin, ta hau keken.

Mai gida bai yi fenti ba wannan karon, sakata kawai ya gyara. Wasu samari suka kama ɗakin, masu sayar da kayan waya, da wata ƙatuwar sifika kamar akwatin amarya. Yanzu kiɗa nake sha daga hantsi har magariba, bango na rawa, butata na tafiya da kanta a kan siminti. Yaran kirki ne, suna gaishe ni in mun haɗu, rabi Faransanci rabi Mosanci. Wata rana da azahar na ɗauki gudumar na gwada. Ƙwam, ƙwam. Na kasa kunne. Kiɗan bai ko yi tuntuɓe ba. Na ƙara bugawa da ƙarfi har fenti ya zubo, na ga tsohon launin bangon a ƙarƙashi. Babu wanda ya amsa, babu ma wanda ya zo ya zage ni.

Na jingine ta a ƙafar shimfiɗa, sannan na sake tunani na jawo ta kusa, inda yatsuna za su kai ko daga ƙasa.

Da yamma na fita cin wake. Mai benga ta zuba mini, ta ƙara mai ba tare da na roƙa ba, abin da ba halinta ba ne. Ta tsaya tana kallona ina ci, kiɗan samarin yana fitowa ta zaure yana kaɗa murfin tukunyarta.

"Kawu," ta ce, "yanzu kai wa ke buga maka bango?"